Hutun Bakin Teku, Taga a Rufe

"Wa ya taɓa min tagar nan?"

Radmila ce ke tambaya, ludayi a hannu, idonta a kan Nevena matar ɗanta. Shi kuwa ɗan nata Bojan tuni ya duƙa yana neman abin da bai ɓata ba a ƙarƙashin gado.

Mu mutanen garin Nish duk shekara sai mun tsallaka ƙasar Girka da yara, don an ce yaron da ya shaƙi iskar teku ba ya tari da hunturu. Shi ya sa Bojan ya kwaso matarsa da ɗansu Kosta, ɗan shekara biyu, da mahaifiyarsa, wadda ba wanda ya gayyace ta amma ta riga kowa shiga mota. Tun da suka iso kuwa ake tsuga ruwa, ko tekun ba su gani sosai ba.

Ruwan ma da sauƙi. Abin da Radmila ke tsoro shi ne promaja, iskar nan da ke shigowa ta taga ta fice ta ƙofa. A wurin tsofaffinmu ita ke karkatar da baki, ita ke kai mutum kabari. Sai ta garƙame ko'ina, ta toshe ƙasan ƙofa da tawul, ta jibga wa Kosta suweta kan suweta, ta ɗora tukunyar kabeji a ɗaki ɗaya tak da suka kama. Yaro ya ƙi ci, ya ƙi barci, sai tsala ihu yake.

"Mama, iskar teku fa muka kawo shi ya shaƙa," in ji Nevena a hankali. "Ga shi kabeji kawai yake shaƙa."

"Da kabejin na raini mijinki, ga shi nan ƙato."

Ƙaton ya leƙo daga ƙarƙashin gado. "Mama ta fi mu sani, Nevena."

Maganar nan ta ƙure Nevena, don tun aurensu ita take ji. Ta ja shi banɗaki, ta saki famfo kada a jiyo su, hawaye na zubo mata.

"Ina son ka, Bojan, Allah ya sani. Amma na gaji da zama da mijin da ba shi da baki. In gobe ta yi ba ka ce komai ba, ni da Kosta za mu hau bas, kuma gidan babana zan sauka."

Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don yana son ta kamar ransa. Sai dai jarumtar tasa ba ta wuce ta ɓarawo ba. Ya jira tsohuwa ta kwanta barcin rana, ya huda ledojin shara, kowa ya zura kai a matsayin rigar ruwa, suka sulale waje.

Kosta na fita ya hango kududdufi, ya faɗa ciki da ƙafa biyu, ya ƙyalƙyale da dariyar da suka manta yana da ita. Nevena ma ta dara, amma ba ta kalli mijinta ba. Ta san wannan gudu ne kawai.

Can sai ga Radmila a guje, silifas a ƙafa ɗaya, bargo a ka. Ta sure yaron, ta juyo kan Nevena.

"Ke ce ko? Dama na sani. Kashe min jika za ki yi a ƙasar mutane?"

Nevena ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba. Bojan ya matso, ruwa na ɗiga daga hancinsa.

"Ni na fito da shi, Mama. Gobe ma zan fito da shi. Nevena ce uwarsa, abin da ta ce a kansa shi za a yi. Ki yi haƙuri."

Radmila ta dube shi sama da ƙasa. "Da ni kake, kana cikin ledar shara?"

"Da ke nake, Mama," in ji shi, muryarsa na rawa.

Ta koma ɗaki, ta zauna zaman jiran ta ji Kosta ya fara tari. Kosta ya tashi da kwano guda, ya yi barci har da munshari. Wanda ya wayi gari da zazzaɓi da atishawa Bojan ne.

"Kun gani ko," in ji Radmila, da ɗan jin daɗinta. Ta yayyanka ɗanyen dankali za ta cusa masa a safa, yadda muke saukar da zazzaɓi. Har ta kama ƙafarsa sai ta tsaya. Sannan ta miƙa wa Nevena farantin.

"Ungo, mijinki ne. Ni zan kai yaron nan bakin ruwa. Amma da hula."

Nevena ba ta yarda da maganin dankali ko kaɗan ba. Amma ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa ta cusa masa, tana dariya tana share hawaye.

Haƙurinta bai tafi a banza ba. Amma ku samari ku ji ni da kyau: mace za ta jure ruwa, ta jure ƙuntataccen ɗaki, ta jure uwar miji, muddin ta san ranar da aka nuna ta da yatsa mijinta zai buɗe baki, ko da muryarsa na rawa.