Saura Kwana Uku

An kawo wa Sufeto Quintero rahoton mutuwar Don Evaristo, tsohon manomin kofi a garin Manizales na ƙasar Kolombiya, yana tsaka da karin kumallo. Ya ture kofin. Kai, aikin nan ya ishe shi!

Ciwon daji ya daɗe yana cin tsohon. Ya nemi likitoci su sauƙaƙa masa mutuwa kamar yadda doka ta yarda, ya sa hannu, an tsayar da ranar Juma'a za a yi. Sai ga shi ya mutu ran Talata, kwalbar maganin kashe raɗaɗi kuma wayam.

Ɗansa Wilmer ya tare sufeto a ƙofa. "Ni na ba shi, yallaɓai. Mu tafi."

"A cikin me?"

"A ruwa."

"Kofin da ke gefen gadonsa na koko ne. Wa kake karewa, yaro?"

Wilmer ya sunkuyar da kai.

Maƙwabciya ta ce ita ba ta ga komai ba, sai dai Fada Anselmo, limamin coci, ya shigo da safe. Sufeto ya ja ƙafa ya tafi coci.

"Doña Herminia, matarsa, ita ta kira ni in yi masa addu'ar ƙarshe," in ji Fada. "Na yi mamaki. Ta fi kowa ƙin wannan Juma'ar."

Sufeto ya koma gidan, ya same ta a kicin tana yankan ayaba.

"Mama, kin yi wata kina cewa abin da yake so haramun ne. Saura kwana uku. Me ya yi zafi?"

"A barci ya mutu."

"To bari in rufe Wilmer."

Ta ajiye wuƙar. "Ka bar mini ɗana. Da mijina ya kai Juma'a, da hannunsa ya kashe kansa, ina Ubangiji zai kai shi? Ihunsa kuma ya fi ƙarfina. Na sa Fada ya wanke shi tas daga zunubi, na dama masa koko da maganin a ciki. Bai sani ba, bai roƙe ni ba. Zunubin nawa ne ni kaɗai."

Tausayi ya kama sufeto. Bai sa mata ankwa ba, hannunta kawai ya riƙe suka gangara matakala.

A bakin mota ta tsaya. "Shekara nawa za su ba ni?"

"Da yawa, Mama."

"Ba komai. A lahira ma ba tare da shi za mu zauna ba."