Biyun da Ba Su Kalli Juna Ba

"Kika ɗaga ido kika kalle shi sau ɗaya, Dorcas, ke da waƙa kun rabu."

Dorcas ta tsaya a ƙofar shagon kyandir na mahaifinta, baƙar rigarta a hannu.

"Baba, tare za mu rera fa... shi ne ango a labarin."

"Ango a takarda. Misis Crouch ta gaya min komai. Wai Jasper Lovell har bakin gada yake raka ki."

Misis Crouch ce ta saba rera muryar amarya kafin bana a ba Dorcas. Mace ce mai tsoron Allah ƙwarai, musamman a madadin wasu.

A Landan, da azumin Ista ya kama ake hana wasan kwaikwayo ranakun Laraba da Juma'a. Sai gidajen wasa su koma oratoriyo, wato labarin ibada a waƙa da Turanci, ba kwalliya, ba motsi, kowa ya tsaya ƙiƙam da takardarsa. Wannan kaɗai ya sa Mista Wimbush ya bar 'yarsa ta hau dandali. Tun rasuwar matarsa bai yarda da duk wani abu mai sa mutum farin ciki ba.

A wajen gwajin waƙa Jasper ya tare ta bayan masu goge.

"Zuciyata, wa ya taɓa min ke?"

"Daina kallona."

"Tun yanzu?"

"Gara ka fara koyo. Ran Juma'a Baba zai zauna a layin gaba. Muka haɗa ido, shi ke nan... ba waƙa, ba kai."

Jasper ya yi murmushi.

"To zan kalli gashin aron Mista Pettifer. Duk wanda ya ƙura wa abin nan ido, soyayya ba ta zuwa masa a rai."

Ta kusa dariya, hawaye ya riga ta.

Mista Pettifer shi ne mai kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan irin na coci, shi ne kuma shugaban mawaƙa. Misis Crouch ta raɗa masa cewa muryoyin ango da amarya sun fi daɗi kusa da juna. Don haka ran Juma'a Dorcas ta tarar an tsayar da su kafaɗa da kafaɗa, takarda ɗaya, kyandir ɗaya a kanta.

Zauren ya cika da mutanen da suka zo tuba cikin tufafinsu mafi kyau. Goge ya tashi. Masu amshi suna kallon juna, suna kallon jama'a, Misis Crouch kuwa Dorcas take kallo kamar mage a bakin rami.

Aka zo baitin ango da amarya.

Muryarsa ta shigo ta ƙarƙashin tata, a hankali. Tana jin ɗumin kafaɗarsa. Ta kafe idonta a kan tawada har baƙaƙen suka fara iyo.

Kyandir ɗin ya karkace, ya fara ɗiga daidai inda yatsunta ke riƙe da takarda.

Ɗigon farko kawai ta ji. Hannun Jasper ya zo ya tsaya a saman nata, bai taɓa ta ba. Idonsa na kan gashin Mista Pettifer, muryarsa ba ta girgiza ba, har baitin ya ƙare.

Bayan an tashi, Mista Wimbush ya same su a bayan dandali, Misis Crouch na biye da shi.

"Yallaɓai, ai ka gani da idonka..."

"Na gani, Misis Crouch. Sai da safe."

Ya juya ga Jasper.

"Nuna min hannunka, yaro."

Bayan hannun ya yi ja, kitsen kyandir ya daskare a kai.

"Baba, mun cika alkawari," in ji Dorcas.

"Kun cika. Shi ya tona ku. Kowa a dandalin nan ya kalli kowa, ku biyu ne kaɗai ba ku yi ba." Ya ɓare kitsen da farcensa, a hankali. "Shekara guda na yi a coci ban kalli uwarki ba, har limamin ya gane."

Ya saki hannun Jasper.

"Ba a ɗaura aure a azumi. Bayan Ista ka zo gida da manyanka."

"Baba..."

Dorcas ta faɗa jikinsa. Ya bar ta kaɗan, sannan ya janye, ya ɗauki hularsa. Har ya kai ƙofa ya waiwayo, ya tarar har yanzu kowannensu ƙasa yake kallo.

"Kalle ta mana, yaro. Kalle ta sosai. Ni na ɗauka akwai lokaci."