Kukan Kurungu a Gidan Rabe

Dutsen farko ya faɗo tsakar gidan Rabe dab da magariba, matarsa Ma'u tana kwashe tuwo. Jiƙaƙƙe ne, har da gansakuka, alhali rani ya mai da gulbin Jibiya rairayi zalla. Na biyu ya biyo baya, na uku ya fasa tulu. Sai 'yarsu Hasiya ta saki kwano ta kife a ƙasa, maƙogwaronta na wani gurnani, ƙurr, ƙurr. Rabe masunci ne, ya san kukan. Haka kurungu yake yi idan an ɗago shi daga ruwa.

Ya kuma san abin da ya aikata. Kusa da iyakar Nijar akwai gurbi ƙarƙashin wani dutse, ba ya ƙafewa, nan kurungu ke fakewa har damina. Ɗan kifi ne mai santsin fata da gashin baki, da ƙaya uku masu kumbura hannu. Masunta sukan ɗiba su bar iri. Shi kuwa gwanin dabara, da ƙayar ta ishe shi da yaga masa komar kamun kifi, sai ya tuttula maganin feshin gona a gurbin. Kwando biyu ya cika, yana ta yabon kansa.

Kwana uku Hasiya ba ta furta kalma ba. Aka ɗauko Malam Dalhatu daga Gangara. Bayan la'asar ya zauna yana karatu, gidan tsit, har muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Ƙarƙashin dutsen nan nike tun ba a ja iyaka ba. Kihin nan bisashena ne. Shi maido mini guda mai rai daga gurbin, in sakar mata halshe."

Malam ya ce ta ji tsoron Allah, yarinya ba ta da laifi. Ta ce kifin ma ba su da shi.

Washegari Rabe ya wuni yana laluben taɓon gurbin, ko kwaɗo bai samu ba. Abin takaici, sai ya sake komawa ga dabara. Ya tsallaka Nijar a babur, ya sayo kurungu mai rai a jarka.

Hasiya ta tsoma yatsa a ruwan ta ɗanɗana, ta yi murmushin da ba nata ba.

"Wannan ba ruwanmu ba ne. Malam, zan tahi don girman karatunka. Amma abin da na riƙe, na riƙe."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta ɗago ido, ta gane mahaifinta. Ta buɗe baki za ta ce Baba. Abin da ya fito shi ne ƙurr.