Takalmin da Aka Cire a Bakin Zaure

A rumfarsa ta takalma a kasuwar Gusau Zaharaddeen ya fara ganin Ikhlas. Ko zama ba ta yi ba, ta dire masa kwalin kambas.

"An ce kana gane jabu. Talla aka kawo min, duba."

Ya shinshina takalmin, ya bi ɗinkin da farce. "Warin gam ya yi yawa, ɗinki ya karkace a dunduniya. Lambar ciki ma ba ita ce a jikin kwali ba. Kada ki saya."

Ta dube shi kamar ba ta yarda ba, amma ta karɓi lambar wayarsa.

A Tsafe take sayar da takalma ta waya, kuma an san ta da kaya na asali. Tun tana turo masa hotunan takalma har ta koma turo gaisuwa, shi kuwa ya raɗa mata Zinariya.

Sai dai mai kawo mata kaya, Attahiru ɗan Bungudu, shi ma yana nemanta, kuma shi ne wanda mahaifinta Malam Lawwali yake so.

"Ɗiyata ta auri mai shinshinar takalman mutane?" in ji Malam. "Allah ya sawwaƙe."

Ranar da ta turo hotunan sabon kayan Attahiru, Zaharaddeen ya yi kwana biyu bai amsa ba. In ya faɗi abin da ya gani, za a ce kishi ne. In ya yi shiru, sunanta zai ɓaci. Sannan ya rubuta:

"Zinariya, kada ki sayar da ko ɗaya. Duk jabu ne. Na san daga bakina maganar ba za ta yi daɗin ji ba."

Ta amsa: "Da kayan wani ne haka za ka ce? Ka rabu da ni."

Duk da haka ta buɗe kwalayen ta gwada lambobin. Babu wadda ta dace.

"Shi ma Attahirun cutarsa aka yi wurin sari," Malam Lawwali ya ce da ta gaya masa. "Rashin sani laifi ne?"

Ta rasa wanda za ta zarga.

Ranar Juma'a Attahiru ya zo gaida Malam, ya cire kambas ɗinsa a bakin zaure. Ikhlas ta tsaya tana kallon takalmin. Ta ɗauki ƙafa ɗaya ta shinshina, babu wari. Ɗinki a miƙe sambal. Ta ɗauko ɗaya daga cikin kayanta, ta yi sallama ta jera su gaban mahaifinta.

"Baba, ga na ƙafarsa, ga wanda ya ba ni in sayar wa mutane. Iri ɗaya ne a ido. Ya san wanda zai zaɓar wa kansa."

Attahiru ya sosa ƙeya. "Malam, ai sha'anin kasuwa..."

"Saka takalminka," Malam ya ce, "ka kwashe kwalayenka."

Da la'asar ta rubuta wa Zaharaddeen: "Na zarge ka da kishi. Ka yafe min, masoyina."

"Ba ki yi ƙarya ba, kishin yana nan," ya amsa. "Shi ya sa na duba hotunan sau uku kafin in yarda da idona."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aurensu a Tsafe. Malam Lawwali ya riƙe hannun ango ya ce, "Na raina sana'arka, ka yi haƙuri. Ga ta nan amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ɗayyiba."

Taron ya amsa da amin.