Buhun Yashin Kanada

"Wannan ce motar?"

Abin da Salome ta fara faɗa ke nan bayan shekara tara. Ba sannu da zuwa, ba ya hanya. Tana tsaye a ƙofar gidansu a Samaru, hannu duk kumfar wanki, tana kallon jar motar kamar an kawo mata akuya mai ƙafa uku.

"Ita ce," in ji Callistus.

"Ina rufinta?"

"Yana baya a naɗe. Tun Legas ya ƙi tashi."

"A tsakiyar damina. Ka kyauta."

Ya so ya ji wani abu a ransa. Tun daga Sabon Gari yake shirin faɗuwar gaba, ko kunya, ko da tsoro ne ma. Shiru. Zaman Kanada ya mai da shi kamar yatsunsa biyu na dama da sanyi ya kashe: suna nan, suna motsi, amma ko allura aka soka ba su san an yi ba. Ga tumbi ya fito, ga sanƙo ya kama hanya, ga shi a motar samari.

Alkawari ne ya jawo. Lokacin da yake tsaron shagon kayan mota na babansa, yana goya ta a keke zuwa coci, ya taɓa ce mata wata rana a mota marar rufi zai ɗauke ta, iska na kaɗa mata ɗankwali. Ya tafi da niyyar shekara biyu. Babansa ya rasu, karatun ƙanne ya hau kansa. Ita kuma mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba mai juya ta sai Salome. Kowa ya rungumi nasa. Waya ta koma wata-wata, daga baya sai Kirsimeti zuwa Kirsimeti.

"Na dawo gaba ɗaya, Sala. Na zo in ji ko... ko har yanzu."

"Har yanzu me?"

"Kin sani."

"Ban sani ba, Oga Kanada. Na daɗe da daina sanin abubuwa. Kuka ma na nema na rasa."

Daga ɗakin da ke kusa da ƙofa wata murya ta fito a hankali. "Salome, wane ne?"

"Ɗan Sabon Gari ne, Inna."

"Wanda ya tafi sayo mota? To ya samo?"

"Ya samo rabi."

Ya shiga ya durƙusa a bakin ɗakin ya gaida tsohuwar. Dokin ƙofar ya cinye har ya yi daidai da ƙasa, ga tsummokara a tare a gefe, ga shatin ruwa a jikin ƙafafun gadon. Duk ya gani.

Da ya fito ya tarar Salome ta zagaya motar, ta tsaya a kujerar gefen direba. Wani abu na zaune a kai, lulluɓe da bargo, an ɗaura masa bel.

"A Sabon Gari an ce kana da Baturiya. Ita ce ka rufe?"

"Buɗe ku gaisa."

Ta ɗaga bargon da yatsa biyu. Buhu ne. Ta latsa shi.

"Yashi?!"

"Yashi."

"Kali, lafiyarka ƙalau?"

Ya jingina da motar. "Tayoyin baya ne ke tura ta, bayan kuma ba nauyi. In dusar ƙanƙara ta sauka, titi kamar an zuba masa miyar kuɓewa. Kina taka mai kaɗan sai bayan ya nemi wuce gaban, ki ga kina kallon inda kika fito. Sanyin farko sau biyu ana ciro ni daga rami. A nan na bar yatsun nan, ina tonon taya da hannu. Wani tsoho maƙwabcina ya ce in ɗora mata nauyi. Buhun yashi ɗaya ya cika but ɗin baya, ɗayan ba wuri sai nan."

"Ba sai ka sayar ka sayi irin ta mutane ba?"

"Kowa haka ya ce."

"To?"

"Ba irin ta mutane na yi miki alkawari ba."

Ta kau da kai. "Da zafi fa? Ai ba kullum ake ƙanƙarar ba."

"Da zafi ma yana nan. In na cire shi sai wata ta ce in rage mata hanya." Ya shafa sanƙonsa. "Na but na zubar kafin in taho. Wannan na kasa. A tashar jirgin ruwa sai da aka huda shi, aka ga yashi, aka dube ni da tausayi."

Ba ta yi dariya ba. Hadari ya riga ya haɗo ta gabas, iska ta fara kaɗa shanyarta.

"Ba zan bar Inna ba, Kali. Ba yau ba, ba gobe ba. Motarka kujera biyu ce."

"Ban ce ki bar ta ba."

"To ina za ka kai ni?"

"Ba ko'ina, Salata. Na gaji da zuwa wurare."

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Salome ta ruga ciki, ta hau cusa tsummokara a bakin ƙofar Inna, ruwan tsakar gida na bi ta ƙarƙashinsu kamar ba a sa komai ba.

Callistus ya tsaya yana kallon buhun. Sannan ya kwance masa bel. Ya ɗaga, bayansa ya yi wata ƙara da ba ta dace da mai neman aure ba. Ya kai shi ciki da kyar, ya kwantar a dokin ƙofar, ya tattaka da ƙafa. Ruwan ya zo ya daki buhun, ya juya ya nufi rariya.

"Me ya kawo mana?" in ji Inna.

"Yashi ne, Inna."

"Daga Kanada? Kogin Kubanni ya ƙafe ne?" Ta dubi ƙasan ɗakin. "Ai kuwa ya tare. Allah shi yi maka albarka, ɗana."

Ya tsaya sai da ya tabbatar ko ɗigo ba ya wucewa. Da ya waiwaya, babu Salome.

A mota ya same ta. Tana zaune a kujerar, cikin lotsawar da buhun ya bari, ruwa na dukanta, ɗankwali ya manne mata a kai. Ba iskar da za ta iya kaɗa shi.

"Na kai nauyinsa?" ta ce, ba ta dube shi ba.

"Saura kaɗan."

"Ja mu kai kwana mu dawo, kafin Inna ta nemi juyi."

Ya tayar. Tayoyin baya suka yi ta juyawa a taɓo, bayan motar ya zame gefe kamar yadda ya saba.

"Wayyo Yesu! Kali!"

Bai taka birki ba. Ya saki mai, ya bi ta da sitiyari inda ta nufa, ta dawo hanya da kanta.

Sai da suka wuce masu gasa masara da ke fake a rumfa suna kallonsu baki buɗe, sannan ya nemi hannunsa na dama ya ji an riƙe. Ya duba. Yatsun nan biyu ta kama, ta matse har farcenta ya shiga.

Bai ji komai a cikinsu ba. Bai kuma gaya mata ba. Ya bar mata su, ya ci gaba da tuƙi da hannu ɗaya.