Wanda Ya Riƙe Sandar Baba

Tun asuba Auta yake jan mahaifinsa makaho a hanyar ziyara, shi riƙe da bakin sanda a gaba, tsohon riƙe da ɗaya bakin a baya. Ayarin da suka taso tare ya yi musu nisa tun la'asar, domin ƙafar Baba ta kumbura, sai jan takalmi yake yi a ƙasa.

"Kai, ja ni a hankali! Akuya ka samu?" Haka ya wuni yana mita.

Bayan magariba suka iso wata rijiya. Auta ya zaunar da shi a kan dutse, ya je cika gora. Kafin ya dawo duhu ya rufe. Yana lalube ya ji an miƙo masa sandar, ya kama suka wuce, gajiya ta hana shi ko tankawa.

Sun yi nisa kafin ya lura babu mita, babu tari, babu warin man zafin da ya shafa wa tsohon. Ya kasa kunne. Takun mutum ɗaya yake ji, nasa.

"Baba, ƙafar ta yi sauƙi ne?"

"Da sauƙi. Bi hagu, akwai rami a gabanka."

Auta ya taɓa da yatsan ƙafa. Ga ramin kuwa. Yaya aka yi makaho ya ga rami?

Can baya, daga wajen rijiyar, wata murya mai rawa ta taso: "Auta! Tafiya ka yi ka bar ni?"

Ya yi ƙoƙarin sakin sandar, yatsunsa suka ƙi buɗewa.

"Mu je," aka ce a kunnensa. "Yanzu ni zan ja."