Shayin Waɗanda Aka Ƙi

A wani ɗan shagon shayi da ke unguwar Al Muntazah a birnin Doha Muhsina ta fara ganinsa, wata Juma'a da la'asar, kuma gaskiya ba ranar ganin saurayi ba ce a wurinta. Idanunta a kumbure suke, ta ɓoye su a bayan tabarau.

Nan masu son zama marubuta suke haɗuwa duk mako, 'yan ƙasashe daban-daban. Kowa da littafinsa a kwamfuta, kowa kuma yana farautar ejan, wato wakilin da zai karɓi littafi ya kai shi gaban manyan kamfanonin ɗab'i na Turai. Suna da wata al'ada mai ban dariya da ban tausayi. Duk wanda ejan ya ƙi a makon, sai ya miƙe ya karanta saƙon da ƙarfi, sauran su saya masa karak, shayin madarar nan mai kauri da ƙamshi.

Muhsina ta miƙe ta karanta nata: "Mun ji daɗin rubutunki, sai dai bai dace da mu ba." Kafin ta kai ƙarshe muryarta ta karye, ta zauna da sauri.

Sai ga kofi an turo gabanta, wata murya ta ce da Hausa, "Kai ma an kore ka?"

Ta ɗago a fusace. Saurayi ne dogo, baƙi, mai wushirya. "Na yi maka kama da namiji ne?"

"A yi haƙuri, Hausar Zango ce," in ji shi yana dariya. "Mu a Kumasi ba mu bambantawa. Sunana Aruna. Sha da zafinsa, na fari ne kawai yake ƙona baki. Ni na sha har mai shagon ya daina tambayata sukari nawa."

Ba ta so ba, amma sai da ta yi murmushi.

Aruna ma'aikaci ne a tashar jirgin ƙasa ta Mansura, yana nuna wa fasinjoji hanya, in ya tashi kuma ya rubuta labarin kakansa ɗan fataucin goro a wayarsa. Ita kuwa magani take bayarwa a wani asibiti, tana zaune a Al Aziziya tare da mahaifinta, Injiniya Abdulbaqi. Littafinta guda ne tak, kuma ba littafi ba ne kawai a wurinta. Labarin mahaifiyarta ne, Safiya, wadda ta rasu a Zariya lokacin Muhsina tana nan tana jarrabawa, ko jana'iza ba ta samu ba. Da Hausa ta fara rubuta shi, sannan ta mayar da shi Turanci saboda ejan. Na Hausar babu wanda ya taɓa gani.

Aruna ne mutum na farko da ta ba, bayan watanni ana shan karak tare. Washegari saƙonsa ya shigo:

"Marubuciyata, kin sa ƙato kuka a bakin aiki. Wani Bafilipine ya tambaye ni hanya, na tura shi gabas alhali yamma zai je. Alhakinsa na wuyanki."

Ta amsa: "Ɗan Zango, ashe ka koyi cewa 'kin'?"

"Saboda ke na koya. Me kuma kike so in koya?"

Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta rubuta: "Hanyar gidanmu."

Ya koyi hanyar, amma ba ta ɓulle ba. Abba ya karɓe shi a falo da mutunci, ya ba shi ruwa da dabino, ya yi masa tambayoyi kamar mai ɗaukar ma'aikaci. Da ya tafi sai ya kira 'yarsa.

"Muhsina, ban san asalinsa ba, ban san kowa nasa ba. Ga shi shi ma irinki ne, mai zaman ƙaga ƙarya. Gida ɗaya maƙaryata biyu, wa zai riƙe wani?"

"Abba, rubutu ba ƙarya ba ne."

"Khalas, magana ta ƙare. Ga Dokta Umar Faruq nan yana jira, ɗan abokina ne, na san gidansu."

Tun rasuwar Umma haka Abba ya koma, magana ɗaya ya rufe ƙofa. Ko sunanta bai ƙara ambata ba, kuma bai taɓa tambayar abin da 'yarsa take rubutawa ba. Shi kuwa Dokta ba mugun mutum ba ne, sai dai ranar da ya zo zance ya ce mata cikin fara'a, "Bayan biki sai ki huta da wannan wasan." Daga ranar ta san ba za ta iya ba.

Ana cikin haka wani ejan ya sake ƙin littafin, kuma wannan bai tsaya a gaisuwar da aka saba ba. Cewa ya yi labari irin wannan ba shi da masu karatu. Muhsina ba ta je shagon shayi ba a makon. Ta rubuta wa Aruna:

"Zan goge shi. Ashe ko a takarda babu mai son Ummata."

"Don Allah kar ki goge. Ba ni lokaci kaɗan, zan nuna miki ƙarya yake."

Ba ta tambaye shi ta yaya ba, kuma da ta sani ta tambaya. Aruna yana cikin zaurukan WhatsApp na makaranta littattafan Hausa, inda marubuta ke saka babi kullum, mata daga Kano har Accra suna sharhi. A wurinsa haka ake yi, haka ya ga kowa na yi. Sai ya saka babin farko da sunanta a sama, da niyyar ya tara mata yabon ta gani da idonta. Makaranta suka yi ca, masu kuka na yi, masu roƙon ci gaba na yi. Daɗi ya ɗebe shi, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har littafin ya ƙare. Yana ta adana sharhin yana jiran ranar haihuwarta.

Kafin ranar ta zo, abin da Muhsina ta yi shekara da shekaru tana roƙo ya faru. Wata ejan a Landan mai suna Fauzia ta karanta littafin gaba ɗaya, ta kira ta a bidiyo ta ce tana so. Muhsina ta yi sujada a tsakar ɗakinta, ta kira Aruna tana dariya tana hawaye. Matar ta nemi abu ɗaya kawai, a turo mata na Hausar, wata Bahaushiya da take aiki da ita ta duba.

Amsar da ta biyo baya gajeriya ce. Bahaushiyar ta ce ai ta san labarin nan, ta saurare shi a YouTube, wata mai karanta littattafai ce ta karanta shi, kuma sunan wata marubuciya daban ne a kai. Fauzia ta ce ba ta zargin Muhsina, amma ba kamfanin da zai sayi littafin da ya riga ya bazu, ana kuma jayayyar mai shi. Ta yi mata fatan alheri.

Muhsina ta nemo shi. Ga Ummanta nan a bakin wata baƙuwa, an sauya wa littafin suna, an cire nata, dubban mutane sun saurara. Kafin ta tura wa Fauzia, mutum ɗaya ne a duniya yake da na Hausar.

A bakin tashar Mansura ta same shi, sanye da kayan aiki. Bai yi musu ba. Da ta gama faɗa, fuskarsa ta zama abin tausayi, ya fito da waya.

"Da sunanki na saka, wallahi. Duba, duba abin da suke cewa. Na so ki ga ana son ta."

"Ka tambaye ni?"

Ya sauke wayar.

"Aruna, ban ga gawarta ba. Wannan kaɗai nake da shi, shi na ba ka amana, ka raba shi kamar ƙosan sadaka." Ta share hawaye da gefen mayafi. "Kar ka sake kira na."

Bai kira ba. Saƙo dai yakan shigo jefi-jefi, ba ta amsawa: "Na bi zaure goma sha, ina gaya musu naki ne." Wani lokaci: "Mai tashar YouTube ɗin ta mayar da sunanki, amma wasu sun riga sun kwafa. Na rubuta wa Fauzia, ta ce a yi haƙuri, ba abin da zai canza." Na ƙarshe cewa ya yi: "Ban cancanci yafiya ba. Ki dai ci abinci."

Ta rame, ta daina rubutu, ta daina zuwa Al Muntazah. Abin da ya fi cinta shi ne tana jin haushinsa, tana kuma kewarsa, duka a lokaci guda.

Wata rana ta dawo daga aiki da rana tsaka, ta tarar da motar Abba a ƙofar gida, injin na kunne, shi yana ciki. Ta ƙwanƙwasa gilashi, ya buɗe mata, ta shiga. Muryar matar nan mai karanta littafin a YouTube ce ke tashi daga wayarsa. Gwaggo Atine, ƙanwarsa, ce ta turo masa daga Zariya, da ɗan saƙo: "Yaya, saurari wannan, wallahi kamar a gidanka aka yi."

An zo daidai wurin ƙanzo. Yadda Umma takan kankare ƙanzon tuwon shinkafa ta jiƙa shi, ta rufe a ƙaramin kwano ta ɗora can saman kabad. In yara sun tambaya ta ce na kaji ne, alhali gidan ko kaza ɗaya babu. Sai bayan an watse ta kai wa maigida, don kada 'ya'yansa su san babban injiniya yana mutuwar son ƙanzo.

Abba ya kashe wayar. Gemunsa ya jiƙe sharkaf.

"Wa ya gaya miki wannan?"

"Ina gani, Abba. Duk muna gani."

Ya rufe fuska da hannu biyu, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Muhsina ta kifa kai a kafaɗarsa, suka yi tare.

Da ya natsu ya ce, "Me ya sa ba ki taɓa ba ni na karanta ba?"

"Ka ce ƙarya ce."

Ya jinjina kai. Ya tambayi yadda aka yi littafin ya fita, ta ba shi labari duka, har da ejan ɗin da ta rasa, tana yi tana huci. Ya saurara har ƙarshe.

"Ya yi miki ɓarna babba, ba zan rage masa ba," in ji shi. "Amma littafin nan a gidana aka rubuta shi, bango ɗaya ne tsakanina da shi, sai da ya je Zariya ya dawo kafin in ji. In ana rabon laifi, nawa ya fi nasa. Kina son yaron nan har yanzu?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a cinyarta.

"To, na ji. Kira shi. In kin yafe masa na ba shi, in ba ki yafe ba ni ma ban yafe ba."

Aruna ya zo da yamma, ya ƙi hawa kujera, ya durƙusa a ƙasa. Shi ma ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abba ya ba su wuri.

"Ba zan iya dawo miki da shi ba," Aruna ya ce a hankali.

"Na sani. Kuma zan daɗe ina jin ciwonsa, gara ka sani tun yanzu."

"Zan jira, ko shekara nawa ne."

"Ba jira na ce ka yi ba, Ɗan Zango." Ta nuna masa kujerar da ke gefenta. "Zama na ce ka yi kusa da ni har ya warke."

Abba ya yi bincikensa ta hannun dattawan Zango da ke Doha, aka shaidi gidan su Aruna da alheri. Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, kawun Aruna ya zo daga Kumasi da goro, Gwaggo Atine ta yi guɗa ta waya har muryarta ta dushe. Sharaɗi ɗaya Abba ya kafa wa ango a gaban shaidu: ko takardar cefane matarsa ta rubuta, kada ya nuna wa kowa sai ya tambaye ta.

Juma'ar da ta zagayo, amarya da ango suka koma shagon Al Muntazah, lallen hannunta bai ko goge ba. Muhsina ta miƙe ta karanta saƙon Fauzia, wanda ba ta taɓa iya karantawa a gaban kowa ba. Ta kai ƙarshe ba tare da muryarta ta karye ba, sai dai idanunta sun cika. Aruna ma ya miƙe, don shi ma an ƙi labarin kakansa ɗan goro a makon.

Kafin wani ya tashi sayen shayi, sai ga wani dattijo cikin babbar riga ya taso daga kujerar baya, riƙe da kofi biyu. Tun ɗazu yana nan, ba su lura ba. Ya ajiye ɗaya gaban surukinsa, ɗaya gaban 'yarsa.

"An ce haka al'adarku take," in ji Abba. "Ku sha, ku koma ku rubuta wani. Wannan karon ni zan fara karantawa."

Ya ɗora hannu a kan Muhsina, sannan ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Allah Ya jiƙan Safiya."

Rabon da ta ji sunan a bakinsa tun Umma na da rai. Ta riƙe kofin da hannu biyu ta ce amin, Aruna ya ce amin, har mai shagon da ba ya jin Hausa ya ce amin.